Hardcore Punk: Kiɗan Samarin 1980 da Har Yau Ake Nema

Hardcore punk reshe ne na kiɗan jita da ganguna na ƙasashen Yamma. Ya tsiro a biranen Amurka da Kanada a ƙarshen shekarun 1970, ya yi tashensa na farko tsakanin 1980 da 1986. Ana gane shi da gudu da gajarta da ƙara. Sau da yawa waƙa ɗaya ba ta wuce minti ɗaya da rabi, kuma abin da mawaƙin yake yi ya fi kusa da ihu bisa ga rerawa. Yawanci mutum huɗu ne a ƙungiya: mai jita, da mai jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, da mai ganguna, sai mai waƙa. Wanda ya fara jinsa babu shiri zai iya cewa hayaniya ce kawai. Duk da haka fayafayan da samari 'yan shekara 18 ko 20 suka naɗa a wancan zamani, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, har yau ana sake buga su ana saye, kuma yaran da aka haifa shekara ashirin bayan watsewar ƙungiyoyin suna haddace su daga farko har ƙarshe.

Abin da ya raya su ba daɗin sauti ba ne kaɗai. Wannan kiɗa ya rushe katangar da ke tsakanin mai kaɗawa da mai sauraro, a cikin faifai da kuma a wurin wasa, ya nuna wa yaro cewa abin da yake ji shi ma zai iya yin sa da hannunsa.

Inda abin ya samo asali

Kiɗan punk ya riga shi. A 1976 ƙungiyar Ramones ta birnin New York ta fitar da faifanta na farko, waƙoƙi 14 cikin kusan minti 29, a daidai lokacin da manyan makaɗan rock ke jan waƙa ɗaya ta kai minti goma a filayen ƙwallo. A Ingila kuma Sex Pistols suka tayar da ƙura, kafin su watse a Janairun 1978 bayan wani wasa a San Francisco. Sai dai waɗannan na farko duk ta hannun kamfanonin fayafayai masu ƙarfi suka bi. Da kamfanonin suka ga kasuwar ba ta kai yadda suka zata ba, sai suka juya ga masu sauti mai laushi wanda gidajen rediyo za su iya sakawa.

Waɗanda aka bari a baya ƙannen wancan rukuni ne, yara 'yan makarantar sakandare daga unguwannin bayan gari. Babu kamfanin da ke neman su, babu rediyon da zai saka su, shekarunsu ma ba su kai na shiga mashayun da ake wasa a ciki ba. A garin Hermosa Beach kusa da Los Angeles, Greg Ginn ya kafa ƙungiyar da ta zama Black Flag. Da ya rasa mai buga masa faifai, sai ya ɗauki sunan ɗan kasuwancinsa na sayar da kayan rediyo ta gidan waya, SST, ya mayar da shi kamfanin fayafayai, ya fitar da Nervous Breakdown a 1979. A birnin Washington, wasu samari baƙar fata huɗu da suka fara da kiɗan jazz suka koma punk da sunan Bad Brains. A San Francisco aka kafa Dead Kennedys a 1978. Mawaƙinsu, Eric Boucher, ya laƙaba wa kansa suna Jello Biafra, inda ya haɗa sunan wani kayan zaƙi na kanti da sunan yankin da ya nemi ɓallewa daga Najeriya tsakanin 1967 da 1970, don ya ajiye wadatar Amurka kusa da hotunan yunwar da duniya ta gani a lokacin yaƙin. A Vancouver ta Kanada kuma, D.O.A. suka sa wa faifansu suna Hardcore 81, wanda ake dangantawa da yaɗuwar sunan salon.

Zamanin ma ya taimaka. An zaɓi Ronald Reagan shugaban Amurka a Nuwamban 1980, ana cikin matsin tattalin arziki da fargabar yaƙin nukiliya da Tarayyar Sobiyet. Hotonsa ya cika takardun tallan wasanni, sunansa ya cika waƙoƙi. Amma kuskure ne a ɗauka duk kiɗan siyasa ne. Rabinsa a kan abin da ke cin yaro a zuci yake: kaɗaici, gundura, fushin da bai san inda zai kai shi ba, da abokin da ya ci amana.

Fayafayan da suka zama ginshiƙi

Damaged na Black Flag, wanda ya fito a Disamban 1981, shi ne aka fi ambata idan ana lissafi. Jitar Ginn a cikinsa tana fita daga layi da gangan, ta yi kamar za ta tarwatse sannan ta dawo, kuma wannan karkacewar ce ta raba shi da masu kwaikwayonsa. Hoton bangon, wanda Edward Colver ya ɗauka, yana nuna sabon mawaƙinsu Henry Rollins ya naushi madubi ya fashe. Da guduma aka fasa madubin, jinin da ke hannunsa kuma haɗin jar tawada ne da kofi. Kamfanin MCA, wanda ya kamata ya rarraba faifan, ya janye bayan wani babban jami'insa ya saurara ya ce faifai ne mai adawa da iyaye. Rikicin shari'ar da ya biyo baya da kamfanin Unicorn ya hana ƙungiyar fitar da sabon faifai da sunanta na kusan shekara biyu. Tambarinsu na sanduna huɗu baƙaƙe, wanda ƙanin Ginn mai zane Raymond Pettibon ya ƙirƙira, ya zama ɗaya daga cikin zanen da aka fi yi a fata a duniyar kiɗa.

Bad Brains kuwa su ne gwanayen da kowa ya sallama wa. Saboda sun fito daga jazz, gudunsu ba na rufe rashin iyawa ba ne: kowane bugu yana wurinsa, su tsaya cak tare su tashi tare. Kundinsu na farko ya fito a 1982 a kaset kaɗai, daga kamfanin ROIR na New York, da hoton tsawa tana faɗa wa ƙubbar majalisar dokokin Amurka. A cikinsa suna gama waƙa mai gudun fitar hankali sai su shiga reggae mai sanyi, domin a lokacin sun rungumi aƙidar Rastafari. Samun baƙar fata huɗu, H.R. da Dr. Know da Darryl Jenifer da Earl Hudson, a sahun gaba na kiɗan da yawancin masu yinsa fararen fata ne, abu ne da bai kamata a manta ba duk lokacin da ake ba da tarihin salon. Kusan duk wanda ya yi suna a Washington da New York daga baya ya ce kallon Bad Brains ne ya sa shi ɗaukar jita ko makirufo.

Daga cikin waɗanda suka kalle su akwai Ian MacKaye da Jeff Nelson. Da ƙungiyarsu, Teen Idles, ta watse a 1980, sai suka ɗauki dala 600 da suka tara daga wasanni suka buga ƙaramin faifai kwafi dubu. Nan aka haifi kamfanin Dischord. Ba su san yadda ake yin kwalin faifai ba, sai suka warware na wani faifai suka ga yadda aka naɗe shi, suka zana irinsa a takarda, aka buga musu, sannan suka zauna da almakashi da gam suna yankawa suna liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyarsu ta gaba, Minor Threat, shekara uku kacal ta yi, daga 1980 zuwa 1983, kuma duk abin da ta naɗa yana shiga faifan CD guda ba tare da ya cika shi ba. A ɗakin ƙasa na gidan wani injiniyan sauti mai suna Don Zientara, a garin Arlington, aka naɗi waƙoƙin. Idan ana neman faifan da za a fara ba sabon shiga, wannan tarin ne ya fi dacewa, domin babu ɓata lokaci ko na daƙiƙa a cikinsa, kuma a ƙarƙashin ihun akwai karin da ke maƙalewa a kai.

Sauran suna da yawa. Circle Jerks, waɗanda Keith Morris ya kafa bayan ya bar Black Flag, sun cusa waƙoƙi 14 cikin kusan minti 15 a faifansu na 1980. Dead Kennedys sun fitar da Fresh Fruit for Rotting Vegetables a shekarar, cike da zambo ga 'yan siyasa da masu kuɗi. A Ingila, Discharge na garin Stoke-on-Trent suka fitar da Hear Nothing See Nothing Say Nothing a 1982, waƙoƙin layi uku ko huɗu a kan yaƙi da bam, bisa wani salon bugun ganga da ɗaruruwan ƙungiyoyi suka kwafa daga Suwidin har Japan. New York ta biyo baya da Victim in Pain na Agnostic Front a 1984 da The Age of Quarrel na Cro-Mags a 1986.

Shekarar 1984 ta nuna cewa salon ba kurkuku ba ne. Kamfanin SST ya fitar da Zen Arcade na Hüsker Dü, faifai biyu a kwali ɗaya masu ba da labarin yaron da ya gudu daga gida, wanda aka naɗa aka tace cikin kusan awa 85, yawancin waƙoƙin a ɗauka ta farko. Ya kuma fitar da Double Nickels on the Dime na Minutemen, waƙoƙi fiye da 40 da suka haɗa punk da jazz da funk. Black Flag da kansu suka juya wa gudun baya a My War, inda gefe na biyu ya ƙunshi waƙoƙi uku masu nauyi da jan ƙafa. Magoya baya da yawa sun ji haushi, amma wasu samari a jihar Washington ta arewa maso yamma sun saurara da kyau, kuma daga can ne Melvins da Nirvana suka fito.

Rashin kuɗin da aka yi waɗannan fayafayai da shi ya zama alheri a gare su daga baya. Manyan fayafayan shekarun 1980 an cika su da kwalliyar na'urorin da ake yayi a lokacin, shi ya sa da an ji su ake gane shekarunsu. Na hardcore kuwa mutum huɗu ne a ɗaki ɗaya suna kaɗawa tare, aka kunna na'ura aka ɗauka. Ana jin kuskure, ana jin numfashin mawaƙi, wani lokaci ana jin mai ganguna yana ƙirga shiga. Sautin da ba a yi masa kwalliyar zamani ba, babu abin da zai tsufa a jikinsa. Haka nan abin da waƙoƙin ke magana a kai ba ya ƙarewa, domin kowace shekara akwai sabon ɗan shekara 16 da yake jin duniya ta matse shi. Kuma yaron da ya sayi jita wata uku da suka wuce zai iya bin yawancin waƙoƙin, ko da ba zai kai gudun Bad Brains ba. Faifan da mutum zai iya koya a ɗakinsa ya fi shiga rai bisa wanda sai dai ya yi mamakinsa daga nesa.

Wurin wasa

Duk wanda ya san salon zai ce faifai rabin labari ne. An yi waƙoƙin don a kaɗa su a gaban mutane a ƙaramin wuri, kuma wuraren ba na alfarma ba ne: ɗakunan ƙasa na coci, zaurukan tsofaffin sojoji da ake haya, gareji, falon gidan wani. Dandamalin bai fi tsayin gwiwa ba, wani lokaci babu shi sam. Babu shingen ƙarfe, babu ɗakin da makaɗa ke ɓuya. Mai jitar da ya gama wasa shi ne zai koma bakin ƙofa ya tsaya a tebur yana sayar da riguna da fayafayai, sannan ya shiga cikin jama'a ya kalli ƙungiya ta gaba. A dare ɗaya ƙungiyoyi biyar ko shida za su yi wasa, kowace minti 20 ko 25.

Da mai ganguna ya buga sandunansa sau huɗu, sai tsakiyar zauren ya buɗe. Samari su shiga bangazar juna da kafaɗa, ko su riƙa gudu a da'ira suna wurgi da hannuwa. Wani ya haye dandamali, ya yi taku biyu, ya faɗo kan jama'a su cafe shi su miƙa shi baya a kan hannuwa. Zafi ya yi yawa har gumi ya riƙa ɗiga daga silin. Idan an zo wurin da kowa ya haddace, mawaƙin yakan miƙa makirufo cikin taro, mutum goma su hau kan juna don bakinsu ya kai gare shi. A nan zauren gaba ɗaya ya zama 'yan amshi, irin yadda suke karɓa wa makaɗin gargajiya, sai dai waɗannan ba a ɗauke su aiki ba, kuɗin shiga ma suka biya. Akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba amma kowa ya sani: wanda ya faɗi, a ɗaga shi nan take.

Labarin Henry Rollins ya nuna yadda tazarar take da ƙanƙanta. A 1981 yana aiki ne a shagon sayar da askirim a unguwar Georgetown ta Washington, yana kuma cikin masoyan Black Flag. Ya bi su New York kallon wasa, ya nemi a bar shi ya hau ya rera waƙa ɗaya, aka bar shi. Bayan 'yan kwanaki suka kira shi gwaji, ya ajiye aikinsa ya shiga motarsu. Ya zauna da su har watsewarsu a 1986, kuma littafin da ya fitar a 1994 daga abin da yake rubutawa a hanya, Get in the Van, ya bayyana rayuwar dalla-dalla: kwana a ƙasan ɗakin baƙi ko cikin mota kan kayan kiɗa, yunwa, duka daga masu kallo, da tsangwamar 'yan sanda. Black Flag da D.O.A. ne suka share hanyar zagayen Amurka ta ƙananan garuruwa, ta hanyar buga waya ga duk yaron da aka ji yana iya samo zaure. Lambobin wayar da suka tara suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a kan wannan hanya ƙungiyoyi masu zaman kansu suka yi ta bi shekaru da yawa bayan haka.

Maganar shekaru ta zama babbar magana. Lokacin da Teen Idles suka je wasa gidan Mabuhay Gardens a San Francisco a 1980, masu wurin suka ga yara ne, sai suka zana musu babban harafin X a bayan hannu don kada a sayar musu da giya. Da suka dawo gida suka roƙi masu gidajen wasa na Washington su yi haka, a bar yara su shiga su ji kiɗa. Alamar ta fito a bangon faifansu, daga baya ta haɗu da wata waƙar Minor Threat ta 1981 mai tsawon daƙiƙa 46, "Straight Edge", wadda MacKaye ya bayyana a cikinta cewa shi ba ya shan giya ko ƙwaya. Bai yi nufin kafa ƙungiya ba, ya sha faɗin haka, amma dubban matasa suka ɗauki abin a matsayin hanyar rayuwa: ba giya, ba taba, ba ƙwaya. A cikin al'adar kiɗan da aka saba ɗaukar maye a matsayin burgewa, wannan tawaye ne na gaske, kuma ya ceci rayuka. Har yau akwai masu zana X a hannu kafin su tafi wasa.

A New York, gidan CBGB da ke titin Bowery ya riƙa shirya wasannin hardcore da rana a ranakun Lahadi, inda yara ke cika bakin titi tun kafin a buɗe ƙofa. A Berkeley ta Kalifoniya aka buɗe 924 Gilman Street a ƙarshen 1986, wuri ne da 'yan sa-kai ke gudanarwa, kowane mai shekaru zai iya shiga, kuma an rubuta dokokinsa a bakin ƙofa: ba giya, ba ƙwaya, ba faɗa, ba wariyar launin fata. CBGB ya rufe a Oktoban 2006, wurin ya koma kantin tufafi masu tsada. Gilman kuwa yana nan yana aiki.

Abin da ya haɗa waɗannan garuruwa kafin zuwan intanet shi ne gidan waya da injin fotokwafi. Yara suna rubuta ƙananan mujallu da hannu ko da tafireta, su buga su sayar a wurin wasa. Mafi girma a cikinsu ita ce Maximum Rocknroll ta San Francisco, wadda Tim Yohannan da abokansa suka fara bugawa a 1982, ta ci gaba da fitowa a takarda har 2019. A shafukanta ana samun rahotanni daga garuruwa daban-daban na duniya tare da adireshi, sai yaro a Finlan ya aika kaset ga yaro a Birazil, shi kuma ya aiko masa da nasa. Ta haka aka san Ratos de Porão na São Paulo, da Terveet Kädet na Finlan, da Raw Power na Italiya, da Gauze na Japan. Daga baya abin ya kafu sosai a Indonesiya, musamman a Bandung da Jakarta.

Abin da ba a so a tuna

Masu son salon sukan ƙawata tarihinsa, amma yana da tabo. Rikici da 'yan sanda gaskiya ne, musamman a Los Angeles zamanin shugabansu Daryl Gates, inda ake tarwatsa wasanni da kulake, kuma shirye-shiryen talabijin irin su Quincy sun nuna 'yan punk a matsayin masu tayar da hankali a 1982. Sai dai tashin hankalin ba daga waje kaɗai yake zuwa ba. Wasu na zuwa ne don su daki mutane, ba don kiɗa ba. Gungun masu aƙidar fifita farar fata sun riƙa kutsawa, har Dead Kennedys suka yi waƙa ta musamman a 1981 suna korar su. 'Yan mata, waɗanda suke da yawa a farkon punk, sun ja baya yayin da gaban dandamali ya zama filin gwada ƙarfi, ko da yake irin su Kira Roessler, wadda ta kaɗa bes a Black Flag daga 1983 zuwa 1985, sun tsaya. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya haifar da yunƙurin mata na riot grrrl a farkon shekarun 1990, inda ƙungiyar Bikini Kill ke kiran mata su matso gaba. A wasu garuruwa kuma masu ƙin giya sun zama masu tsanani har suna dukan wanda suka gani da kwalba.

Zuwa 1986 yawancin na farko sun gaji. Minor Threat ta watse tun 1983, D. Boon na Minutemen ya rasu a haɗarin mota a Disamban 1985, Black Flag da Dead Kennedys suka tsaya a 1986. An gurfanar da Biafra a kotu kan wani hoton mai zane H.R. Giger da aka saka cikin faifan Frankenchrist, shari'ar ta ƙare a 1987 ba tare da an same shi da laifi ba. Kuɗi ma ya raba abokai daga baya: tsofaffin 'yan Dead Kennedys sun kai Biafra ƙara kan haƙƙin fayafayai, kuma a 2013 an ga ƙungiyoyi biyu na tsofaffin 'yan Black Flag suna yawon wasa, suna kuma shari'a kan suna da tambari.

Bayan tashen farko

Tasirin ya bazu fiye da yadda cinikin fayafayan zai nuna. Beastie Boys da hardcore suka fara kafin su koma rap. Dave Grohl ya kaɗa ganguna a ƙungiyar Scream ta yankin Washington kafin ya shiga Nirvana. Makaɗan metal irin su Metallica da Slayer sun ɗauki gudun, kuma a 1996 Slayer suka fitar da faifai kusan sukutum na maimaita tsofaffin waƙoƙin punk da hardcore. MacKaye ya kafa Fugazi a 1987, ƙungiyar da ta yi wasa fiye da dubu a faɗin duniya, tana dagewa kan tikitin kusan dala biyar da barin kowane mai shekaru ya shiga, tana ƙin tayin manyan kamfanoni. Idan ya ga ana cutar da wani a cikin taro yakan tsayar da waƙa, wani lokaci ya mayar wa mai rigimar kuɗinsa a raka shi waje.

Dischord na nan har yau, yana ci gaba da buga tsofaffin fayafayansa a farashi mai sauƙi. A 2005 kamfanin Nike ya kwaikwayi bangon faifan farko na Minor Threat, hoton ƙanin MacKaye zaune ya sunkuyar da askakken kansa, don tallan wani zagayen wasan allon gudu. Magoya baya suka yi ca, kamfanin ya janye tallan ya ba da haƙuri. Hoton da aka ɗauka don faifan yara a 1981 ya kai darajar da babban kamfani zai so ya raɓa da shi, masu shi kuma suna da bakin cewa a'a.

Intanet ya sauƙaƙa wa sabon shiga. Fim ɗin Penelope Spheeris na 1981, The Decline of Western Civilization, da bidiyon wasan Bad Brains a CBGB a Disamban 1982, inda ake ganin H.R. yana tsalle kamar ba ƙashi a jikinsa, jama'a na ta zubowa daga dandamali, duk ana samunsu cikin sauƙi. Littafin Steven Blush, American Hardcore, ya fito a 2001, aka mayar da shi fim a 2006. A 2011 Dischord ya fara saka rikodin wasannin Fugazi a intanet, fiye da 800. Wani mai ɗaukar bidiyo da ke aiki da sunan hate5six ya tara dubban wasannin zamanin nan yana sakawa kyauta.

Tsofaffin ƙungiyoyi kan sake haɗuwa su yi wasa a manyan bukukuwa, bayan shingen ƙarfe da masu gadi, kuma masu kallo sun rabu kan ko hakan ya dace da abin da aka san su da shi. Ƙarfin salon a yau ya fi bayyana a hannun sababbi. Turnstile ta birnin Baltimore ta fitar da Glow On a 2021, wanda ya kai ta ga shiga takarar kyautar Grammy, kuma taronta ya haɗa mata da baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka fiye da yadda aka saba gani a shekarun 1980. Bikin This Is Hardcore na Philadelphia, wanda aka fara a 2006, da Sound and Fury na Kalifoniya suna tara dubban mutane. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi da ba a san su ba sai a garuruwansu, masu hayar zaure da kuɗin aljihunsu, suna buga kaset kwafi ɗari, suna tallata wasanninsu a Instagram a maimakon jikin turakun lantarki.